Baba Diga, Wanda Ya San Makwancin Kowa

Kafin rana ta ɗaga, Baba Diga ya riga ya zagaye maƙabartar ƙauyenmu. Diga a kafaɗa, shebur a hannu, yana cike kabarin da ruwa ya rufta, yana toshe ramin da gafiya ta tona. Sai ya sallami matattu yake wucewa gonarsa. Haka ya yi shekara arba'in da ɗaya, ba albashi, ba wanda ya ɗora masa.

Sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kayan aikinsa ya zame masa suna. Samari kan tsokane shi, wai in yana gaishe ka yana kallonka sama da ƙasa, to awon tsawonka yake yi. Dariya kawai yake, amma ya sani sarai akwai gidajen da in ya sha ruwa, sai an wanke kofin sau biyu.

Wanda bai ga shekarar amai da gudawa ba, bai san mutumin nan ba. Ruwa ya cinye gada, mota ba ta shigowa, rijiyar tsakiyar gari ta gurɓace. Masu ƙafa suka tsere. Tsohon telanmu, wanda ya yi ta yanka likkafani har yadi ya ƙare, ya shaida cewa cikin sati uku Baba Diga ya haƙa kabari talatin da bakwai, tafin hannunsa ya fashe har ƙotar diga ta rine. Na ashirin da shida na matarsa ne. Kwana biyu tsakani, 'yarsu tilo ta bi uwarta.

Tela ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗan'uwa, ba ni digar nan. Wannan kam ba kai za ka haƙa ba."

Ya ce, "Bar ni. Ni na san tsawonta."

An binne mutanen nan cikin gaggawa, ko dutse ba a sa ba. Shekaru suka tura, ciyawa ta rufe wurin, har masu aikin titi suka ɗauka fili ne. Ranar da katafila ta iso, Baba Diga ya je ya tsaya a gabanta. Ko taku ɗaya bai matsa ba.

Direba ya leƙo ya ce, "Baba, kauce mana! Ba komai a nan sai ciyawa."

Ya ce, "Ɗana, sauko in nuna maka."

Ya fara takawa yana nuni da ƙafa. "Nan uwar maƙeri take. Nan tagwayen mai injin niƙa, rami ɗaya na sa su. Nan malamin makaranta, baƙo ne, har yau danginsa ba su zo ba." Bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya zo kan nasa biyun, nunawa kawai ya yi. Direba ya koma ya kashe inji, aka karkatar da titin. Kwanar nan da masu mota ke tsine wa a bakin ƙauyenmu, asalinta ke nan.

Baba, kai ne ka tsaya ranar da muka gudu. Kai ne ka riƙe mana iyayenmu a ka, mu da suka haifa muka manta inda suke.

Bana bayansa ya ƙi, likita ya hana shi sunkuyo. Watan jiya aka yi rasuwa, samari suka haƙa da kansu, sai ga ƙashi a bakin shebur. Aka ɗauko tsohon a babur. Ya daɗe yana duban ramin, hawaye na bin gemunsa, sannan ya ce, "Ƙanwar tela ce. Ku mayar mata da ƙasarta a hankali."

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da abin da muka kasa. Ku kuma samarinmu, yana nan zaune a ƙofar gidansa, kansa garau. Ku je da littafi da biro, ku riƙe masa hannu ya zagaya da ku. Ku je cikin satin nan, domin ranar da ya kwanta, mutanen kabari talatin da bakwai ɗin nan za su sake mutuwa tare da shi.