Ranar da Taubashiya Ta Gaishe Shi

Malam Direba ya yi shekaru yana koya wa mutane tuƙi a wata ƙaramar mota mai birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a tasa. Ko kaza bai taɓa bari an take ba. Sai dai daga baya ya lura ɗalibansa sun zama masu son iska ƙwarai. Da ya buɗe baki ya ce "taka birki", sai hannu ya tafi wajen gilashi. Wata Hajiya ma ana tsuga ruwa ta sauke nata, ta ce likita ne ya ce ta riƙa shan iska.

Bakinsa ne ke wari, kuma kowa ya sani ban da shi. Mutanen kirki ne suka kewaye shi, masu kara, don haka ba wanda ya faɗa. Matarsa ta riƙa zuba masa kanumfari a aljihu. Ɗansa ya kawo masa tsarabar man goge baki. Mai makarantar tuƙin da yake wa aiki ya fara tura sababbin ɗalibai wajen wani direban, wai so yake Malam ya huta.

Malam ya gode wa kowa, ya koma gefe yana neman laifin da ya yi wa duniya. Ya rage magana, ya daina zaman benci da abokan aiki. Ya rame, ga ƙishirwa ba ta ƙarewa, ya ce tunani ne. In ya ga jini a buroshi sai ya ce buroshin zamani ba shi da tausayi. Ɗalibi ɗaya ya rage masa, wani dattijo da kullum hankici ke hancinsa saboda mura.

Mutum ɗaya ce ke faɗa masa gaskiya: taubashiyarsa, 'yar gwaggonsa, mai shagon ɗinki a titin da yake bi da ɗalibai. Tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya.

"Kai bawa, me ya mutu a bakinka? A zo a yi masa sutura!"

"Hassada ce, baiwa, don kin ga haƙorana sun fi naki yawa."

Ita ce kuma ta ce kansa kamar tulu, motarsa kamar akurki. Sai ya haɗa maganar bakin da waɗancan ya ajiye.

Da ta ji daga matarsa cewa mai makarantar na shirin mayar da hutun na dindindin, sai ta tare motar a bakin shago. Ta russuna.

"Yaya, ina wuni? Ya iyali?"

Malam ya dube ta. Tunda yake bai taɓa jin gaisuwa daga bakinta ba.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Yaya, yau ba wasa. Bakinka yana wari, kuma ina jin ciwo ne. Shi ke korar maka mutane."

Ya jira dariyar. Ba ta zo ba. Dattijon da ke tuƙi ya cire hankici, ya dubi sitiyari.

"Malam, ka yi haƙuri. Ni ma ba mura nake yi ba."

A asibitin haƙori, likitar ta shigo da takunkumi a hanci. Malam ya ce, "Har ke an faɗa miki?" Ta ce kowa ya zo haka take sawa. Ta kwantar da kujera, ta haska fitila. Dasashi ya kumbura, ga mugunya a ƙarƙashinsa, wasu haƙoran na girgiɗi. Ta tambayi ƙishirwa da yawan fitsari, ta tura shi gwajin jini. Ciwon suga ne. Ta ce sugan ke rura ciwon dasashin, ciwon dasashin kuma ke hana sugan sauka, sai an kama su tare. Ta tambaye shi barci da walwala.

"Na ɗauka duniya ce ta tsane ni."

"Baba, duniya ba ta da wannan lokacin."

Aka kankare, aka wanke, aka cire haƙorin da ya riga ya yi sallama. Ya yi ta komawa, ya riƙe maganin suga, ya rage shayinsa mai kama da zuma. Jiki ya dawo, barci ya dawo. Dattijon ya ci jarrabawar tuƙi, ya turo surukarsa da ƙawayenta. Mai makarantar ya manta da zancen hutu kamar bai taɓa yi ba, sai ƙorafin da ake kawo masa yanzu cewa Malam ya cika surutu. Shi kuwa Malam ya koma benci, yana dariya da sabon giɓinsa a fili.

Abu ɗaya dai bai warke ba: kararsa ta tafi tare da haƙorin. Bakaniken makarantar ya sunkuyo yana yi masa bayanin injin, Malam ya ja baya.

"Ɗan'uwa, ba wasa tsakaninmu. Je ka a duba bakinka."

Bakanike ya yi fushi ya daina gaishe shi. An dai gan shi a layin asibitin, zaune shi kaɗai, yana gaya wa na kusa da shi cewa rakiya ya yi.