Hoton da Baƙo Ba Ya da Izinin Gani

Ni ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Yekuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa dubana ido cikin ido ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, dangar kara kawai ta raba mu da Inna. Idan ta dama fura sai ta ce wa autarmu ta kai wa "wancan". Da aka sa ni lekol, wato makarantar boko, sai na samu ƙarin girma, na koma "ɗan lekol ɗin nan". In muka haɗu a bakin rijiya ita ta dubi guga, ni na dubi ƙafata, kowa ya wuce.

'Yan birni idan na ba su wannan labari sai su marairaice fuska, wai tausayina suke ji. Haushi suke ba ni. Ƙwaryata ce ta fi ta kowa nono a gidan nan, kuma kowa ya sani. Kunya ce, haka muka tarar, kuma ban taɓa kwana da shakkar cewa tana sona ba.

Bayan na gama abin da zan iya na boko, sai wani furoje, wato shiri, na tallafa wa manoma ya shigo Magarya da Dungas, yana raba wa ƙungiyoyin mata irin wake da na gyaɗa. Aka ɗauke mu aikin rajista. An tara mu a Magarya aka koya mana, aka ba kowa tablet. Mai koyarwar ya ce duk abin da muka rubuta ba cikin na'urar yake zama ba, yana tafiya wani babban kundi da ke cikin "gajimare". Da na faɗa wa kakata haka sai ta ɗaga kai ta dubi sama, lokacin ana tsakiyar bazara, ta ce to lallai kundin namu bai cika ba tukuna.

A kundin nan kowane mutum yana da gurbinsa: suna, gari, ƙungiya. Wannan kowa na iya gani. Amma furojen ya ƙara wasu gurabe na kansa, na hoto da lambar waya da faɗin gona da irin da mace ta karɓa. Ma'aikatan biro, wato ofis, da ke Damagaram su ne 'yan gida a kundin. Mu na ƙauye, da ba ma'aikatan dindindin ba ne, an shigar da mu a matsayin anbite, wato baƙi. A shekarar farko baƙuncin yana da daɗi, ko'ina a buɗe yake, kana iya duba hoton kowace tsohuwa daga garin Guci har iyaka. Sai aka kama wani daga cikinmu, a wani yanki can, yana bin hotunan 'yan mata yana kwashe lambobinsu. Daga nan aka ja mana ƙofa. Baƙo ya zuba bayani, an yarda, amma da zarar ya tafi ba shi da izinin sake ganinsa. Inda hoto yake sai ka tarar da wata da'ira mai launin toka. A lokacin har na yaba, na ce maganinsa ke nan.

Ina kewar shekarun nan, ba zan ɓoye ba. Ni da abokiyar aikina, wata mata mai dariya kamar ba ta da damuwa a duniya, muna tafe a amalanke cikin rairayi, tablet a naɗe cikin zane don kada rana ta dafa ta. Mu sauka ƙarƙashin gawo, a shimfiɗa mana tabarma, mata su fito da zannuwan sallah don kawai za a ɗau hoton fuska. Tsofaffi abokan wasa su sa ni gaba: wannan ta ce mijinta ya zo, waccan ta ce in ban fitar da ita kyakkyawa ba ta sake ni. Wata ta zo da akuyarta ta dage sai an ɗauke su tare. Da yamma mu hau tudu muna ɗaga na'ura sama muna neman rezo, wato sabis ɗin waya, manoma na wucewa suna mana sannu da aiki cikin zolaya. Ranar kasuwar Guci mu kai caji, mu ci tsire, mu dawo da labari. Ban taɓa aikin da aka shayar da ni fura kamar wannan ba.

Da layi ya zo kan ƙauyenmu mun riga mun shirya cewa abokiyar aikina ce za ta yi wa Inna rajista, ni in ɓace. Sai ga shi haihuwa ta zo wa abokiyar aikin nawa kafin lokacin da muka zata. Damina ta matso, iri na jira, babu mai canjina. Na zauna ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidan mai gari, matan da suka goya ni suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin da za ta tuna mini na ƙuruciya.

Inna ce ta ƙarshe. Ta zo da maƙwabciyarmu, ta zauna a karkace, ta ja mayafi. Duk tambayar da na yi, maƙwabciyar nake yi wa, ita ta juya ta tambayi Inna, amsa ta biyo hanyar da ta bi, alhali tsakanina da ita bai fi tabarma ɗaya ba. Da aka zo kan hoto sai ta ce wa maƙwabciyar:

"Tambayi ɗan lekol ɗin nan, ba za a riƙa yawo da shi cikin gari ba?"

Na ce wa maƙwabciyar ta faɗa mata babu mai ganinsa, ko ni da na ɗauka ba zan sake ganinsa ba. Gaskiya na faɗa, kuma da alfahari na faɗe ta.

Matsalar ita ce na'urar ba ta karɓar gefen fuska. Dole mutum ya fuskance ta sosai, idan ba haka ba ta nuna ja ta ƙi. Inna ta ba ta kunne, ta ƙi. Ta ba ta goshi, ta ƙi. Matan da suka ƙi tafiya don kallo suka fara dariya, wata na cewa yau ga ranar da kunya ta haɗu da abin da ya fi ta taurin kai. Na ga in aka ci gaba haka tashi za ta yi, ta bar irin gaba ɗaya. Sai na miƙa hannuwana da tablet ɗin daidai fuskarta, ni kuma na kau da kaina gefe, na kafa wa gindin bishiya ido. Na ji dariyar ta tsaya. Na jira kaɗan, na danna a makance. Na'ura ta yi ƙara irin ta karɓa. Kafin in juyo Inna ta miƙe tana gyara mayafi, hoton kuma ya shige layin tafiya, da'ira mai toka ta maye gurbinsa.

Ta shuka wakenta a shekarar, ya yi kyau, na ci ƙosansa ta hannun auta. Ta sake ganin wata damina. Bayan girbi zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin mu gama shawarar kai ta Magarya Allah ya karɓi abarsa.

Sai bayan an watse daga zaman makoki na gane abin da ban taɓa tunani ba. Idan na rufe ido ina ganin bayanta a bakin murhu, ina ganin hannunta a kan muciya, da gefen kuncinta mai tsaga. Amma fuskarta daga gaba, ban san ta ba. Ƙannena sun san ta, makwabta sun san ta, mai sayar da gishiri a kasuwa ya san ta. Babu hotonta ko ɗaya a gidanmu, tsohon katin shaidarta ma ruwa ya cinye shi. Guda ɗaya ne a duniya, ni na ɗauka, kuma ba ni da izinin gani. Nakan buɗe kundin in rubuta sunanta, ya fito, ga garinmu, ga ƙungiyarta, ga da'irar nan. In zauna ina kallonta kamar wawa.

Ana haka aka sanar da mu furoje zai rufe. Za a cire duk baƙi daga kundi, gurabun da aka ƙara kuma za a goge su, don an yi wa matan alkawarin ba za a ajiye su ba bayan aiki ya ƙare.

Na kira matar da ke riƙe da kundin a biro na Damagaram. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani, ita ke sake mana kod, lambar sirrin shiga, idan mun manta. Na yi mata bayani, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce ba za ta iya turo mini hoton ba: na mai shi ne, kuma mai shi aka yi wa alkawari. Nan raina ya ɓaci. Na ce mata ni na sha rana, ni na hau tudu, ni na cika musu kundin da suke taƙama da shi, yanzu ana ce mini baƙo a kan fuskar uwar da ta haife ni. Na ce ita da ba ta san hanyar garinmu ba tana iya kallon Inna duk safiya in ta ga dama. Ta bar ni na gama, ba ta katse ni ba. Har yau ina ganin ina da gaskiya, ita ma kuma tana da ita, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Da sati ya kusa ƙarewa ita ta kira ni. Ta ce ta yi magana da shugabanta. Ba za a fitar da hoton ba, amma akwai yadda za a buɗe wa baƙo gurbi ɗaya na mutum ɗaya, ya gani da idonsa, kafin ranar rufewa. Ta tambaye ni abin da na faɗa wa Inna ranar rajista, na maimaita mata.

"To Malam, ka riƙe mata wannan," in ji ta. "Ni na buɗe maka gani ne kawai."

Rezon ƙauyenmu yana iya ɗaukar rubutu, ba ya iya buɗe hoto. Na jira ranar kasuwar Dungas, na hau kabu-kabu. Auta ta bi ni har bakin hanya tana cewa, "Yaya, ka ɗauko mana da wayarka, wa zai sani?" Ni ma abin da ke cikin raina ke nan, kuma wayar tana aljihuna cike da caji.

Na samu wuri bayan rumfar wani tela, inda hayaniya ta yi sauƙi. Na juya wa rana baya, na sa kod, na rubuta sunanta. Da'irar ta fara juyawa. Abin dariya, sai na kama kaina na sunkuyar da kai tun hoton bai fito ba. Mutum mai 'ya'ya, a bayan rumfar tela, yana jin kunyar gilashi. Na yi bisimilla na ɗago.

Ga ta. Mayafinta mai ruwan bula, ganyen dogon yaro a bayanta, hoton ya ɗan karkace saboda mai ɗaukar ba ya kallo. Goshinta irin nawa ne, hancin ma haka, ban taɓa sani ba. Bakinta a rufe, amma gefensa ya ɗan motsa, irin na wanda ke danne dariya.

Na daɗe ina kallo kafin in lura da idanun. Na ɗauki hotunan mata masu yawa, na san yadda ido yake idan ya kalli ƙwayar kamara: sai ka ji kamar kai yake kallo. Nata ba haka suke ba. Sun ɗan haura sama, sun wuce na'urar, sun tsaya inda kaina yake a ranar. Ba kamara take kallo ba. Na kau da fuska, babu idon da zai kama nata, sai ta samu dama. A gaban matan gari duka, Inna ta zauna tana kallona son ranta, har sai da na danna.

Na yi kuka a wurin, tela ya tsayar da kekensa ya leƙo, ya koma kan ɗinkinsa. Na zauna da hoton har batir ya nuna ja. Wayata ba ta fito daga aljihu ba. Wannan kallon ba na yawo cikin gari ba ne, kuma na riga na faɗa mata.

An rufe kundin kamar yadda aka ce, muka mayar da na'urori, abokiyar aikina ta koma saƙa da sayar da ƙuli-ƙuli. Da na isa gida a ranar, auta tana jirana a bakin danga, ta miƙo hannu tana neman waya. Na ce mata ban ɗauko ba. Ta ɓata rai, ta ce to aƙalla in faɗa mata yadda Inna ta fito.

Na ce, "Ke ai kin san fuskarta. Ni take kallo."