Yaya Mamman da zaɓen da ba a yi ba

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana Mamman, direban kamyo, wato babbar motar ɗaukar kaya. Da ma ban yi niyyar rubuta komai ba, addu'a da 'yar sadakar da muka saba yi a gida sun isa. Amma ranar Talata na bi ta bakin tasha, na tarar da manyan motoci a jere an lilliƙa musu hotunan 'yan takara, ana kiran sunaye, za a kwashi mutane zuwa ƙauye saboda zaɓen cike gurbin da ke tafe. Na tsaya kallo har wani ya tambaye ni ko sunana na ciki. Na ce masa a'a, na yi gaba da sauri, don idona ya riga ya cika.

Matasan yanzu ba su san waccan shekarar ba. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kafin sanyi ya kankama, mutanen garinmu, can arewa da Dogon Dutsi, sun tattaro sun zo Yamai, sun kakkafa bukkokin zana a bayan unguwar Harobanda, a ƙetaren kogi. Hukuma ta rubuta sunayensu, ana auna musu dawa duk mako, matan kuma suna tsallako gada su yi wankau da daka a gidajen mutane. Ba daɗi ake ji ba, amma dai ana ɗora tukunya.

Ana cikin haka kujerar depiten yankinmu, wato ɗan majalisarmu, ta zama babu kowa a kanta, aka sa ranar zaɓe. A majalisa kuwa ƙawancen jam'iyyu biyu ne suka yi kunnen doki, wanda duk ya ci wannan kujera ya ɗan ɗara ɗan'uwansa. Sai ga garin da ko akuya ba ta rage a cikinsa ba ya zama abin so. Matsalar ɗaya ce: mutum ba ya jefa ƙuri'a sai inda aka yi masa kati, masu katin kuma ga su nan zube a Harobanda.

Ni a lokacin sakataren reshen jam'iyyarmu ne a unguwar Yantala, na ɗan yi boko, ina ji da kaina fiye da kima. Ni na bi bukka bukka da littafi da biro. Ni na faɗa musu abin da manya suka ce in faɗa: kwana uku kawai, kowane gida buhun gero zai biyo su, sannan a maido su inda aka ɗauke su. Ubangidan Yaya, wani Alhaji mai kawo kaya kasuwar Petit Marché, ɗan ƙawancenmu ne, shi ya ba da kamyo.

Yaya bai so ba. Ya ce min, "Issuhu, rijiyar garin ta ƙahe, rumbu babu ko zangarniya guda. In ka kai su can, mi za su ci?"

Na ce, "Yaya, kwana ukku ne fa."

Ya ce, "Kwana ukkun Allah ko na 'yan siyasa?"

Ya yarda ne don ya san in ya ƙi za a nemo wani direban da bai san kowa a cikinsu ba. Abin da ban gane ba a lokacin, mutanen ba littafina suka bi ba. Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, ta zauna kan ƙullin kayanta ta ce ba inda za ta sai ta ga mai tuƙi. Da ta ga Mamman ne, ta miƙe ta hau da jikokinta, sauran suka bi bayanta.

Washegarin isarsu, da rana tsaka, rediyo ya kama kiɗan soja. An rushe majalisa, an dakatar da jam'iyyu, maganar zaɓe ta mutu murus. Geron da aka yi alkawari ko fita Yamai bai yi ba. Yaya ya sake loda mutanensa ya kamo hanya, amma a shingen jandarma aka tare shi, aka ce an ba da umarni kada a ƙara barin masu gudun yunwa su shiga babban birni. Ya rantse musu shekaranjiya ya ɗauko su daga can, aka ce ya nuna takarda. A Harobanda kuma a makon nan aka sake ƙirga mutane, duk wanda ba a samu a bukkarsa ba aka soke sunansa, aka rubuta cewa ya koma gida don kansa. Haka Yaya ya juya ya sauke su a kangon gari, ya dawo wa Alhaji da motarsa ba kowa a ciki.

Ni kuwa ina ɓoye a ɗakin wani abokina, na ƙona littafin don tsoron kamu. Can Yaya ya same ni. Bai zage ni ba, kuma har yau na fi son a ce ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Tashi mu tahi." Na ce masa ana kama 'yan jam'iyya a hanya. Ya dube ni ɗan jim, ya sa takalminsa ya fita.

Ya ajiye aiki, ya sayar da babur ɗinsa da rediyonsa, ya sayi gero, ya riƙa bin motocin kasuwa yana kai musu. Sau uku ya je ya dawo. A zuwa na biyu ya tarar an binne Gwaggo Hajo da ƙaramin jikanta. Da zafi ya shigo sanƙarau ya ɓarke, ya tsaya can yana jigilar marasa lafiya a amalanken jaki zuwa asibitin da ya fi kusa, shi da ya saba da mota mai taya goma. Ciwon ya kama shi, bai yi kwana huɗu ba. Can aka binne shi, kuma ban je ba.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Manyan ƙawancen nan biyu da muka yi ta gaba dominsu, na ga sun haɗe, sun rabu, sun sake haɗewa, har na daina gane wa ke tare da wa. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu sun gaji kujerun, hotunansu ne a jikin motocin nan. In don a faɗi gaskiya, talaka ma ya yi wayo, yanzu sai ya ga buhu a ƙasa yake hawa mota, ga kuma waya a aljihunsa. Amma ban ga ranar da 'yan siyasa suka je ɗaukar mutum don wani abu ban da yatsansa ba. Yaya ba mai dogon surutu ba ne. Na tabbata da zai zagaya motar ne ya duba tayoyi, sannan ya tambayi direban ko man dawowa yana cikin tanki.

Me ya rage na Mamman? Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Ya bar 'ya mace guda da ta girma a hannuna, mai irin shirunsa. Sai kuma sunansa. Mutanenmu ba sa ƙirga shekaru da lamba, kowace shekarar wahala suna ake raɗa mata. Waccan, har yau a garinmu ana ce mata shekarar kamyon Mamman. Haka yaran da aka haifa bayansa suka tashi suna ji, cewa shi ne ya kwaso mutane daga bakin abinci ya zube su a kango. Kaɗan ne suka rage da suka san sauran labarin.

Sau da yawa an faɗi wannan suna a gabana, a wurin biki da wurin makoki, na sunkuyar da kai na yi shiru. Yau ina faɗa: shekarar littafin Issuhu ce, Mamman tuƙi kawai ya yi. Allah ya jiƙansa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Na san mutanen garinmu ba sa karanta jarida, kuma ina jin shi ya sa a nan na iya faɗa.