Baƙo Mai Cire wa Karnuka Ƙashi

A unguwannin Maguzawa da ke bayan Dayi, idan kare ya ƙi cin abinci ba a tambayar wurin wa za a kai shi. Wurin Baƙo ne. Shi dai manomi ne kamar kowa, dawa da auduga da ɗan barkono a bayan gida, amma hannunsa ya fi sanin jikin kare a kan ƙotar fartanya. Shi ke cire kaska, shi ke ɗaure karaya da karan dawa, shi ke matse tsutsa daga fatar kwikwiyo. Abin da ya fi yin suna a kai kuwa cire ƙashi ne. Kare ya haɗiyi ƙashin zomo ya tsaya masa a wuya, Baƙo zai danne shi tsakanin gwiwoyinsa, ya tura hannu cikin baki, ya zaro, ya ɗaga wa jama'a su gani yana washe haƙora. Ba ya karɓar komai sai ƙoƙon giya, in akwai. Mutanen cikin gari suna yi masa ba'a, wai shi ne likitan da in ka gaisa da shi sai ka nemi ruwa da ƙasa. Haka ya yi ta yi tun yana saurayi, har zuwa daminar da ya daina.

Nasa karen ja ne mai kunne ɗaya a karye, sunansa Ƙyale-su. Sunan habaici ne ga dangin da suka ishe shi da surutu lokacin da ɗansa tilo ya ajiye fartanya ya tafi Kaduna aikin masaƙa. A makon da yaron ya tafi Baƙo ya ɗauko kwikwiyon, kuma tun daga nan tare suke zuwa gona, tare suke dawowa. Matarsa Marka takan ce hirar da yake yi da karen ta fi wadda yake yi da ita, shi kuma ya ce ai karen ba ya katse shi.

A shekarar da ake bin rugage ana yi wa shanu allurar bushiya ana tsaga musu kunne, wani ɗan kasuwa daga Dayi mai suna Maitama ya zo sayen kalwa wurin Marka. Ya sunkuya zai ɗauki buhu ke nan, Ƙyale-su ya zo ta baya, ko haushi bai yi ba, ya kafa masa haƙori a sha-raɓa. Baƙo ya yi abin da aka gada: ya tsige gashin karen ya ƙona, ya shafa tokar a ciwon, ya ba da haƙuri har da durƙusawa. Maitama ya karɓi tokar, haƙurin ne bai karɓa ba. Kafin la'asar samarin gari sun iso da sanduna.

Wanda ya tsayar da su Malam Isyaku ne, malamin dabbobi na hukumar En'e daga Malumfashi, wanda ke allura a wata ruga kusa, labari ya kai masa ya taho a kan kekensa. Ya ce kada a kashe karen. A ɗaure shi da sarƙa, a miƙa masa abinci daga nesa, kada kowa ya kusance shi, har ya dawo daga zagaye. In ya tarar da shi lafiya za a sake shi, Maitama ma hankalinsa ya kwanta. In kuwa ya sauya hali to mahaukacin kare ne, a aika masa nan take. In karen ya ɓata, Baƙo ne zai yi bayani gaban alƙali.

Aka ɗaure Ƙyale-su a gindin ɗorawar ƙofar gida, ashe Baƙo aka ɗaure. In ya tafi gona, samarin nan suna leƙe ta bayan darni, ya san gawa zai dawo ya tarar. In ya ɗauki karen ya gudu, ga alƙali, kuma ina tsoho zai je da kare a tsakiyar damina? Sai ya shimfiɗa buzu inda sarƙar ta ƙare ya zauna. Ruwa ya sauka, ciyawa ta haɗiye audugarsa yana hango ta daga zaune. 'Yan gayya suka wuce da kiɗa zuwa gonar maƙwabcinsa, ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Marka ta yi faɗa har ta gaji, ta ɗauki fartanya ta tafi ita kaɗai. Baƙin ciki ya ci shi, tsoro kuma ya fi baƙin cikin, don kullum da safe sai ya dubi idon karen yana neman abin da ba ya so ya gani.

Shi mahaukacin kare ya san shi, ko dai yana jin ya san shi: jan ido, gudu ba birki, cizon itace da dutse. Ƙyale-su bai yi ko ɗaya ba. Sai ma ya yi laƙwas, ya daina taɓa tuwo. Wata safiya Baƙo ya ga haɓarsa ta saki, baki a buɗe, yawu na zuba, yana ta ƙoƙarin haɗiya abu ya ƙi wucewa.

Wani daɗi ya kama Baƙo wanda rabonsa da irinsa tun ɗansa na gida. Ya kira Marka.

"Ƙashi ne, Marka. Dube shi da kyau. Ƙashi ne ya tsaya mishi, zafin shi ya sa ya ciji mutumin nan."

"Maigida, Malam ya ce kar a taɓa shi."

"Malam shanu ya sani. Wannan aikina ne."

Ya tsallake iyakar sarƙar, ya sa karen tsakanin gwiwoyinsa, ya tura hannun nan nasa da noma ya gama farfasawa. Ya lalube dama, ya lalube hagu, ya tura har inda yatsa ke kaiwa. Ya fito da hannun, ya sake mayarwa. Babu komai sai yawu mai yauƙi. Ƙyale-su ya ɗora kai a kan ƙafarsa, Baƙo ya goge hannun a cinya. Bai aika wa kowa ba.

Kashegari da hantsi Malam Isyaku ya iso. Bai ko jingine keken ba, daga nesa ya dubi haɓar karen, fuskarsa ta sauya. Ya yi musu bayani a hankali cewa haukan kare iri biyu ne, akwai mai gudu akwai mai kwanciya, kuma mai kwanciyar ya fi yaudara, don kowa ya gan shi sai ya ce ƙashi ne. Cutar a yawu take, in ta sami tsaga a fata ta shige. Ya aika a kira Maitama da maharbin unguwa. Sannan ya juyo.

"Baba Baƙo, akwai wanda ya taɓa bakin shi?"

Marka ta dubi mijinta. Baƙo yana tsaye, hannunsa na dama a ɓoye cikin hammata. Ya daɗe haka kafin ya zaro shi ya shimfiɗa, duk fason a fili.

Malam Isyaku bai yi masa faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya ce Baƙo da Maitama yau za su bi mota zuwa asibiti, allura ce a fatar ciki kowace rana, babu dawowa gida sai an gama. Gona kuwa sai yadda ta yiwu. Baƙo ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya kwance sarƙar tukuna, kada karen ya mutu a ɗaure. Malam ya girgiza kai. Marka ta ja mijinta zuwa bayan rumbu, a nan ya ji ƙarar bindigar.

Kan karen aka yanke aka rufe a cikin garwa, za a aika can ƙasar Jos a gwada. A bakin hanyar Dayi suka tari motar hatsi mai zuwa Funtuwa. Maitama ya hau ya matsa can ƙurya yana riƙe da ƙafarsa. Yaron mota ya ji abin da ke cikin garwar ya ce shi kam ba zai taɓa ba, fasinjoji suka janye kayansu. Baƙo ya ɗauke ta da kansa ya hau kan buhuna. Ya sa ta tsakanin gwiwoyinsa ya matse, yadda ya saba riƙe kowane kare, don kada gargadar hanya ta buga shi.