Kawu Hadid da Alminiyam

Duk wanda ya zauna a unguwar Ka'akiyya ta Makka ya san maganaɗisun Kawu Mamman, wanda Larabawa suka laƙaba wa Hadid, wato ƙarfe. Yana cikin aljihunsa kullum. Kafin ya amsa maka sallama sai ya manna shi a jikin agogonka ko ƙofar motarka. In ya kama, kai mutumin kirki ne. In ya faɗi, sai ya girgiza kai ya ce, "Alminiyam! Gwangwani ne da ya je makaranta."

Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya kawo ni Makka, kuma tare muka yi aiki a makharaɗar wani Balarabe, shagon da ake juya ƙarfe a kan inji ana fitar da kayan gyara. Iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun wannan Balaraben take. Tun da aikin alminiyam ya fara cin kasuwa, mai shagon ke ce masa, "Ya Hadid, ko ka koya, ko in daina sabunta maka takarda." Kawu kuwa ba shi da inda zai koma. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyenmu a Zamfara tun da daɗewa.

Amma ina! Kun tuna Hamisu mai tura alhazai a keken guragu? Matakin ƙafa na keken kawai ya karye masa, ya kawo gyara. Kawu ya manna maganaɗisu, abin ya faɗi. Bayan kwana uku Hamisu ya dawo ya tarar an sake masa rabin keken da ƙarfe zalla. Da sati ya zagayo sai ga shi yana tafiya a karkace.

"Baba, ka kashe ni! Da hajiya kaɗai nake turawa, yanzu keken ya fi hajiyar nauyi."

"Ya karye?"

"Bai karye ba. Bayana ne ya karye."

"To, baya ba aikina ba ne. Ka kai wa mai ɗori."

Ga kuma butar shayinsa. Ya ƙi ta kasuwa, ya yanko wani bututu mai kauri ya ƙera tasa. Wallahi in ka ɗora ta bayan azahar, sai an kira la'asar take fara tunanin tafasa. Na ce, "Kawu, baƙi sun tafi." Ya ce, "Garba, wanda ba zai iya jiran shayi ba, dama ba zumunci ya kawo shi ba."

Muna ta yi masa dariya shekara da shekaru. Dariyar ta tsaya ran da Abdulhadi, ɗan Sudan ɗin da ke mana walda, ya nuna masa bidiyo a waya. Wani Bature ne yake sassaƙa gangar jikin bindiga ta ƙasa, inda kunama take, daga dunƙulen alminiyam. Abdulhadi tsokana kawai yake nema.

"Ya Hajji, duba! Har bindiga da gwangwaninka ake yi. Ta fi sauƙin ɗauka."

Muka jira ashar. Kawu ya zauna a kan bokiti.

"Da ƙarfe ya kamata ya yi," in ji shi a hankali. "Ni ma na taɓa cewa ta fi sauƙin ɗauka."

A nan ya faɗi abin da ni ɗan 'yar'uwarsa ban taɓa sani ba. A gida shi ke gyara wa maharba bindigoginsu. Da ɓarayin daji suka matsa, aka kawo masa wata da ta karye daidai wurin kunamar. Babu ƙarfe mai kyau, hanyar kasuwa a rufe, sai ya yi gyaran da alminiyam ɗin tsohuwar tukunya. Ɗansa Lawali ne ya riƙe ta a bakin gari ranar da aka shigo. An tsinci gawar Lawali, an tsinci bindigar ta rabe gida biyu a gefensa.

Abdulhadi ya ce, "Hajji, na Bature daban ne, ba na tukunya ba ne."

"Na sani. Hannuna ne bai sani ba."

Bayan aikin Hajji takarda ta zo daga mai shago. Lokacin ina zuwa ajin manya bayan la'asar, don haka ni Kawu ya miƙa wa. Na bi ta da yatsa har ƙarshe, na sake bi ko zan ga na yi kuskure. Wata ɗaya aka ba shi: ko ya fara aikin alminiyam, ko ya bar ƙasar.

Na roƙe shi. Na ce, "Kawu, guda ɗaya tak. Marfin taga ne, ba wanda zai mutu." Washegari ya ɗauki sandar alminiyam da hannunsa, ya ɗaure ta a inji, ya kunna. Duk muka bar aikinmu. Ya kai hannu zai fara yanka, sai ya janye shi. Ya daɗe a tsaye, injin na ta juyawa a banza. Sai ya kashe.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Ku ɗora mini shayi."

Aka buga masa bizar fita ta dindindin. Kullum sai ya tambaye ni, "Garba, in na sauka a Kano, wace mota zan ce ta kai ni ina?" Saura kwana tara jirginsa ya tashi, ya kwanta bayan sallar asuba, bai farka ba. Mutane suka ce ya dace, ya samu kabari a ƙasar Makka. Haka ne. Ni dai na san fargaba ce ta cinye shi, kuma ni ne na karanta masa takardar.

Allah ka jiƙan Kawu Mamman, ka yafe masa abin da ya kasa yafe wa kansa. Ka haɗa shi da Lawali a inda ba a korar kowa. Mu da muka rage babu garin komawa, Allah ka dube mu. Amin.