Goggon Kwalabe da Ɗakin da Ake Shiga Ido a Rufe

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ɗakin gwaje-gwaje, tun mai shara bai gama da baranda ba. Ta tura tagogi, ta zura farar rigarta, ta tsaya jim tana kallon yadda rana ke ratsa kwalabe tana zuba shuɗi da ruwan goro a bango. Daga nan sai wanki. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wanke kwalabe a wannan sakandare, shi ya sa ɗalibai suka laƙa mata Goggon Kwalabe. Ba malama ba ce, ba ta taɓa riƙe alli ba. Amma duk wanda ya ci kemistiri a makarantar nan, in dai ba butulu ba ne, ya san hannun da ya tallafe shi.

Dabararta ɗaya ce. Idan jarrabawa ta matso, kawuna sun cika sun fara tsiyaya, sai ta tara 'yan ajin ƙarshe bayan an tashi, ta zaga da su kantoci. Asid yana hagu, kusa da taga, shi ke mai da shuɗiyar takardar litimos ja. Alkali, kishiyar asid, yana dama, can nesa da shi. Gishiri a tsakiya, don idan waɗancan biyun suka haɗu, gishiri da ruwa suke haifa. Ƙarafa kuma an jera su bisa zafin rai: sodiyam a sama, kwance cikin mai don ko ruwa ya taɓa shi sai ya yi faɗa, sai tutiya, sai baƙin ƙarfe, sai dalma, har a sauko kan tagulla mai haƙuri. Idan sun zaga sau uku sai ta ce kowa ya rufe ido ya sake shigowa. Ɗaki ya yi tsit, yara arba'in suna tafiya ba tare da sun motsa ba. Da yawa sun ba ni labarin cewa a zauren jarrabawa haka suke yi, su lumshe ido, su ji ƙamshin sabulunta, su miƙa hannu su ɗauko amsa daga kanta.

Bana, shekararta ta ƙarshe a bakin aiki, akwai wata yarinya da ta tsaya mata a rai, 'yar wani tela. Sau biyu kemistiri yana kayar da ita, shi kaɗai ya tsare mata hanyar makarantar jinya. Mahaifinta ya faɗa mata ba da faɗa ba cewa wannan ne na ƙarshe, in bai yiwu ba ga keken ɗinki nan yana jiranta. Makaranta ta yarda ta riƙa zuwa bita, ta kuwa riƙe kantocin nan kamar igiyar guga.

Saura kwana goma jarrabawa, Goggo ta kwanta zazzaɓi. Sabuwar malamar kemistiri, mai son tsari, Allah Ya ba ta lada, ta ga dama ta samu ta jera komai bisa haruffa. Garin neman gira aka rasa ido, domin har abubuwan da bai kamata su kwana kusa da juna ba sun zama maƙwabta. Da Goggo ta dawo, ta tarar da 'yar tela tsaye a tsakiyar ɗaki, hawaye na bin fuskarta.

"Goggo, an kwashe mini komai," in ji ta. "Na rufe ido, ban ga komai ba."

Nan take Goggo ta ga kuskurenta. Ta koya wa yarinyar ɗaki, ba ta tabbatar ko ɗakin ya shiga cikinta ba. Ta je ta yi wa malamar bayani cikin ladabi, malamar ta ji kunya ta ce a mayar. Goggo na iya mayarwa cikin awa ɗaya, amma sai ta miƙa wa yarinyar safar hannu, ta ce ita Goggo za ta ɗauki masu haɗari, yarinyar kuma ta faɗi inda kowace kwalba za ta zauna, da dalili.

Aka fara da inda-inda. Sannu a hankali muryar yarinyar ta daidaita. Wannan hagu, don yana cin tutiya ya fitar da iska. Wancan dama, don yana da santsi kamar sabulu. Tutiya a saman tagulla, don tana korar ta daga ruwanta. La'asar na yi, kantoci sun koma yadda suke, Goggo ba ta gyara mata ko ɗaya ba.

"To wa ya kwashe miki?" Goggo ta tambaye ta.

Ranar da sakamako ya fito, Goggo ta riga ta miƙa makullai ta koma gida. Can yarinyar ta same ta da takarda a hannu, ta ci. Goggo ta daɗe tana shafa takardar, sannan ta tambaye ta yadda cikin zauren yake, don ita iyakarta aji biyu, ba ta taɓa zama jarrabawar nan ba.

"Goggo, ai kina ciki," in ji yarinyar. "Ke ce a bakin taga."

Haka ne, Goggo. Ke ce uwar kwalabe, mai koyarwa ba allo. Ke ce kika shiga zauren nan shekara talatin da ɗaya ba a taɓa kiran sunanki ba. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da ke riƙe da ƙaramin aiki a wani lungu, ku riƙe shi yadda ta riƙe nata. Wanda ya taɓa rufe ido a ɗakin nan kuwa, kada ya jira sai an yi sanarwa, ya je ya gaishe ta tun tana iya amsawa.