Tabon da Ke Rufin Motar Baba Gilas

A garejin masu haƙar rijiyar burtsatse ba wanda ke tuna sunansa na yanka. Baba Gilas ake ce masa, domin da zarar hadari ya taso, tun kafin ɗigo ya sauka, sai ya ce, "A ɗaga gilas." Ko zufa na tsiyaya, sai an ɗaga.

Tsohuwar akori-kura yake ja, yana kai bututun ƙarfe wurin aiki. A rufinta akwai wani baƙin tabo, kamar an ɗora gindin kofi mai zafi. An sha sake wa motar fenti, amma bai taɓa yarda a shafe wurin ba. Lokacin da motar ke sabuwa aradu ta taɓa faɗa mata yana ciki. Taya ta fashe, fitilu suka mutu, shi kuwa ko ƙwarzane. In aka tambaye shi labarin abokin aikinsa da ya fita gyara igiyar kaya a ranar, wanda bai dawo da rai ba, sai ya ce shayinsa na hucewa.

Abin da yake yarda ya faɗa kaɗan ne. "Ba taya ke tsare mutum ba. Ƙarfen motar ne ke karɓar aradu, ya zagaya da ita ta waje, ya kai ta ƙasa. Kai dai zauna ciki, hannu a cinya, kada ka taɓa ƙofa."

'Ya ɗaya gare shi, kuma shi ya samo wa mijinta aiki a garejin. Dogo ake ce wa surukin, mutum mai nauyin baki da yawan kunya. Gaban motar na cin mutum uku, amma Dogo bai taɓa zama a nan ba. Ya matsu kafaɗa da kafaɗa da uban matarsa? Sai ya haye baya, kan bututu, da rigar ruwa da dogon takalmin roba da kamfani ya raba. Ya yarda da takalmin nan ƙwarai. Cewa yake wuta ba ta ratsa roba. Baba Gilas ya taɓa ce masa abin da ya keto sararin sama ba tafin takalmi zai tsaya yi wa sallama ba. Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba," ya koma baya.

Ranar da ake magana, 'yar ta rako su bakin mota da safe, ciki ya yi mata nauyi. Ta ce, "Baba, ka riƙa duba min shi." Ya dai dubi gabas.

Aikin a wani fili ne shimfiɗaɗɗe, babu gini, babu tudu. Da rana iska ta ɗauke cak. Tsuntsayen da ke bin ruwan haƙa suka ɓace. Gabas ta yi baƙi ƙirin, tana ƙugi ƙasa-ƙasa. Baba Gilas ya ce a tattara. Mai Walda, abokin aikinsu wanda bakinsa ba ya hutawa, ya faɗa gaba ya ɗaga gilas, yana cewa, "Na ɗaga, Baba, kada a ci ni tara." Dogo ya haye kan bututu kamar kullum, ya fi komai tsawo a filin.

Ba su yi nisa ba taya ta nutse a laka. Motar ta tsaya.

Baba Gilas ya ƙwanƙwasa gilashin baya. "Dogo, shigo."

"Lafiya lau nake, Baba. Ina da takalmi."

Mai Walda ya ɗaga murya. "Kai ango! Baba ba ya cizo. Ni ma na zauna kusa da shi, ga ni da kunnena biyu."

Walƙiya ta haska filin fari fat, tsawa ta biyo ta ba jinkiri. Dariyar Mai Walda ta maƙale. Ta madubi Baba Gilas ya ga Dogo yana shafa gashin hannunsa da ya miƙe tsaye, yana dubansa da mamaki. Ya taɓa ganin mutum ya yi haka, sau ɗaya.

Abin da bai yi ba tun ranar tabon, ya yi. Ya buɗe ƙofa cikin hadari, ya sauke ƙafa ƙasa, ya tsaya da silifas ɗinsa.

"To, mu tsaya tare," ya ce a hankali. "In an koma gida, sai a rasa mai yi wa matarka bayani."

Dogo ya diro a firgice. "Baba, don Allah ka koma!"

"Sai ka fara shiga."

A bakin ƙofa Dogo ya sunkuya zai cire takalmi, kada ya ɓata wa surukinsa mota da laka. Ya cire ɗaya. Baba Gilas ya damƙi wuyan rigarsa ya cusa shi ciki, ya bi bayansa, ya ja ƙofa.

"Hannu a cinya."

Ba su ji aradun kamar ƙara ba, kamar duka suka ji ta. Haske ya cika motar, ta girgiza, warin ƙonannen fenti ya shigo. Sai ruwa ya ɓarke. Su uku suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ba mai motsi. Har Mai Walda.

Da sama ta washe suka fito. Igiyar da ta ɗaure bututun ta ƙone a daidai inda Dogo ke zama. Takalminsa guda na nan tsaye cikin laka, ruwa ya cika shi. Ba wanda ya ɗauka.

Yanzu Dogo a gaba yake zama, a tsakiya, idonsa a kan gwiwarsa. Tabo ya zama biyu a rufin motar. 'Yar ta tambayi ubanta ina mijinta ya yar da takalmi ɗaya, ya ce mata laka ce ta riƙe. Da hadari ya taso, Baba Gilas ba ya ƙara cewa komai. Dogo ke cewa, "A ɗaga gilas."